Yara Taran Layin Taga

Yayata ta shekara ashirin da tara tana koyar da aji biyar a makarantar gwamnati ta unguwarmu. Ni kuma na shekara goma sha ɗaya ina kallonta daga shagona da ke tsallaken titi, inda nake buga wa mutane takardu ina kwafe musu. Ƙarfe bakwai saura kwata take wucewa, jaka a kafaɗar hagu, littattafan yara a rungume a ƙirji, ta ɗaga min hannu ba tare da ta juyo ba. Kada wani ya ɗauka waliyyiya zan zana. Mace ce mai tsada wajen dariya, mai saurin gyara wa mutum magana a gaban jama'a. Ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfura a kaina idan na rubuta mata saƙo a waya sai ta dawo min da shi ta nuna inda na ci harafi.

Yara suna kiranta Malama Jan Biro, a bayan idonta. Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tata da babu wanda ya ɗora mata. Duk littafin da ta duba, ba ta tsayawa a kan maki, sai ta rubuta layi ɗaya ko biyu a ƙasa, kuma ba yaron take yi wa magana ba, iyayensa take yi wa. “Wannan yaron ba ya ganin allo, a kai shi a duba idonsa.” “Ta iya, kunya ce ke damunta, a daina yi mata tsawa.” “Bahago ne, a ƙyale masa hannunsa.” Da yawa daga iyayen unguwarmu ba su iya karatu ba, saboda haka shagona suke kawo littafin in karanta musu. Na sha ganin ƙato ya shigo yana huci, ya ji layi biyu, ya fita jiki a sanyaye. Akwai wani kafinta da na karanta wa maganar ido da hantsi, kafin azahar ya rufe shago ya ɗauki ɗansa sun tafi asibiti. Takardar hedimasta mai hatimi kuwa, masu sayar da gyaɗa ne suka fi sanin amfaninta.

Abin da ya fi ci mata rai a duk shekarun nan shi ne abokan aikinta. Akwai malamar aji uku da ta mayar da ofishin malamai kasuwar turare da mayafai. Akwai malamin aji biyu da yake sa hannu a rajista da safe, ya zagaya ta bayan banɗaki ya hau babur ɗinsa ya tafi ɗaukar fasinja. Yaran da suka ratsa ta hannunsu su ne suke isowa wurin Yaya, 'yan shekara sha ɗaya, sha biyu, ba su san inda ake fara karanta shafi ba. Ta kai ƙara har ta gaji. Duk wanda ta kai wa sai ya ba ta haƙuri ya raka ta bakin ƙofa.

To, sai aka zo shekarar zaɓe. Wani mai neman kujera ya fito da alkawari ɗaya da yake maimaitawa a kowane taro: jarrabawa guda ga duk 'yan aji biyar na makarantun gwamnati, rana ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, na'ura ce za ta duba ba mutum ba. Za a liƙa sakamakon kowace makaranta a ƙofarta kowa ya gani. Makarantar da ta yi shekara uku a jere rabin yaranta ba su ci ba, za a rufe ta, a rarraba yaran, malaman kuma su amsa tambaya. Ni na buga takardun taron da ya yi a unguwarmu, kuma na je ne don in ga ko za su ba ni wani aikin. Ina zaune a baya na ga Yaya ta miƙe, matar da ko taron biki sai an ja ta.

Ta ce, “Ni malama ce, kuma na yarda a gwada mu. Na gaji da karɓar yaran da ba su iya rubuta sunan ubansu ba, alhali kowace shekara an rubuta sun ci. A gwada mu duka, a fara da ni.”

Aka yi ta tafi. Wani ya ɗauki muryarta a waya, bayan kwana biyu sai ga ta a rediyo cikin tallar ɗan takarar, safe da yamma, har yaran layinmu suka haddace suna kwaikwayonta. Na tsokane ta na ce ashe muna da 'yar siyasa a gida ba mu sani ba. Ta ce ita ba ruwanta da mutumin, jarrabawar ta zaɓa. Ya ci zaɓe da rata mai yawa.

Gaskiya guda ce, abin ya yi aiki ta wani ɓangaren, kuma ba zan ɓoye ba don ina jin haushi. Mai turare ta kwashe kayanta. Mai babur aka sauya masa wuri. Aka fara jin ƙarar karatu daga ajin da a da sai dai ƙarar bugun tebur. Shekarar farko yara talatin da takwas cikin ɗari suka ci, shekara ta biyu arba'in da huɗu. Yaya ta tsaya gaban takardar da aka liƙa a ƙofa ta ce min, “Kin gani? Muna hawa.” Amma dokar ba ta san hawa ba, hamsin ta sani. Saura shekara ɗaya, idan ba a kai ba a rufe. Makarantar da za a tura yaranmu kuwa tana can bayan babban titi inda manyan motoci suke gudu, tafiyar kusan awa guda a ƙafa. Yaran makarantarmu ɗari uku da 'yan kai ne, har da 'yan aji ɗaya da ba su iya ɗaure igiyar wando ba. Kowa a unguwar ya san rabinsu a gida za su ƙare.

Hedimastan ba mugu ba ne. Mutum ne mai ciwon gyambon ciki da ya rage masa shekara biyu ya yi ritaya, kullum da kwalbar magani fari a aljihu. A shekara ta ukun ya fara yi wa 'yan aji biyar gwaji duk ranar Juma'a, ni nake kwafe takardun, masu 'yan da'irori da ake cikewa da fensir. Daga sakamakon ya sa aka sake zaman ajin. Layin ƙofa na waɗanda za su ci ko an koya musu ko ba a koya ba. Layin tsakiya na waɗanda suke dab da ci. Layin taga na waɗanda ya ce sai dai addu'a. Ya umarci Yaya ta zuba duk ƙarfinta a layin tsakiya, har da lokacin tara, wato rabin awar hutun da yara suke fita cin abinci.

Wannan rabin awar da mai ita. Akwai wata yarinya 'yar shekara sha biyu, 'yar masu wanki da guga na ƙarshen layinmu. Yara suna ce mata Kumfa, saboda hannuwanta kullum fari fat suke da sabulu. Ta shigo aji biyar ba ta bambance harafi da harafi, Yaya ta riƙe ta a lokacin tara tun farkon shekara, su biyu a teburin malama. Zuwa tsakiyar zango na biyu yarinyar tana karanta shafi guda a rana, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma, tana motsa leɓe. Ranar da ta fara haɗa jimla ita kaɗai Yaya ta shigo shagona ta sayi lemo mai sanyi ta sha a tsaye, abin da ban taɓa gani ba. Amma shafi guda a rana ba ya cin jarrabawar tambaya sittin a awa ɗaya. Kumfa layin taga ta faɗa. Da aka karɓe lokacin tara aka ba layin tsakiya, yarinyar ba ta fita wasa ba, a wurinta take zama da littafinta a buɗe. Yaya ta ce min sau ɗaya, “Ina jin idonta a bayana,” daga nan ba ta ƙara ɗaga maganar ba.

Saura mako guda jarrabawa, bayan an tashi daga makaranta, hedimasta ya shigo shagona da Yaya a bayansa. Ya ajiye wata 'yar takarda a kan kantar shagon, ya yi lissafin a gabana kamar ba na wurin. Yara hamsin da biyu ne a ajin. A gwajin ƙarshe ashirin da huɗu suka ci, bai kai rabi ba. Amma doka da waɗanda suka zauna jarrabawar take lissafi, ba da waɗanda suke rajista ba. Idan yara tara na layin taga ba su zo ranar Laraba da za a yi jarrabawar ba, ashirin da huɗu cikin arba'in da uku ya haura rabi.

Ya ce, “Kowace makaranta haka take yi, Malama. Mu ne kawai muka tsaya kan gaskiya shekara biyu, ga inda ta kai mu. Rana ɗaya ce. Alhamis su dawo, ki ci gaba da su yadda kike so, har lokacin taran ma na mayar miki.”

Ya miƙo min wata wasiƙa zuwa ga iyayen yaran in buga guda tara, na buga. Sai ya juya gare ta ya kwantar da murya.

“Kin san idan ni na sa hannu, ko buɗewa ba za su yi ba, da sassafe za su turo yaran. Sai da hannunki.”

Na jira ta wanke shi tas, don na san bakinta. Ta daɗe tana kallon titi, inda 'yan aji ɗaya suke tsallakawa zuwa gida, suna riƙe da rigunan juna. Sannan ta buɗe jaka ta ciro bironta. A tsaye ta rubuta, a kan kantata, sau tara, a ƙasan kowace wasiƙa: ranar Laraba kaɗai a zauna a gida, Alhamis a dawo makaranta. Rubutun ma ya fi na kullum kyau.

Da hedimasta ya fita na ce, “Yaya, ke ce kuwa?”

Ta ce, “Ki kashe injin nan, yana cin wuta a banza.”

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Biyar daga cikin wasiƙun nan shagona aka dawo da su in karanta, kuma na karanta. Uwar Kumfa ta zo da tata a naɗe cikin leda don kada ta jiƙe. Na karanta mata, ta ce in maimaita, na maimaita. Ta tambaye ni ko rubutun Malama ne da kanta, na ce nata ne. Ta yi godiya ta tafi.

Laraba ta zo, aka kawo takardun cikin akwatuna masu ɗauri, da jami'ai biyu da ɗan sanda guda da ya zauna a inuwa yana danna waya. Yara arba'in da uku suka cike da'irorinsu. Babu wanda ya tambayi ina sauran, an rubuta ba su da lafiya, shi ke nan. Ranar Alhamis biyu daga cikin taran suka dawo. Litinin ma su biyun ne. Hedimasta ya ce ai yara ne, sun sami hutu sun miƙe ƙafa, za su dawo. Ya cika alkawari ya mayar wa Yaya lokacin tara, ta riƙa zama a teburinta ita kaɗai tana cin biskit.

Bayan mako shida sakamako ya fito, hamsin da shida cikin ɗari. Unguwa ta ɗauka, mata har da guɗa a bakin ƙofa. Aka ba ni aikin babban ƙyalle mai hoton mai kujerar nan, da ƙaramin hoton Yaya a gefe, na buga shi da hannuna kuma na yi shi da kyau. Shi da kansa ya zo, ya tuna wa jama'a cewa wannan ita ce malamar da ta ce a fara gwaji da ita, ga shi an gwada ta ta fita kunya. Ya miƙa mata takardar yabo cikin gilashi. Ta karɓa da hannu biyu, ta tsaya aka ɗauki hoto, ta dawo gida ta ɗora ta a saman kabad inda muke ajiye tukwanen da ba ma amfani da su.

Na yi zaton za ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta ajiye aikin. Ba ta yi ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Tana cin abincinta, tana barcinta, bakwai saura kwata tana wucewa. Sai dai littattafan yara ta koma yi musu maki kawai, daidai ko kuskure, ta rufe. Iyaye suka daina shigowa shagona da littafi, don babu abin karantawa. Na tambaye ta ko ba ta jin komai ne, ta ce tana jira ta ji, bai zo ba tukuna. Na ce to mu je gidajen yaran nan mana, ta ce gobe. Goben nan ta kai wata biyu, har sai da na rufe shago wata Asabar da safe na tsaya mata a ƙofar ɗaki da mayafinta a hannuna.

Gidan su Kumfa muka nufa. Tsakar gida ce ƙarama, igiyoyi sun ratsa ta ko'ina, sai mun sunkuya ƙarƙashin zannuwan gado masu ɗiga. Uwar tana durƙushe gaban baho, da ta ga Yaya ta zabura ta miƙe, ta jawo kujera ta goge da gefen zaninta, ta ƙara gogewa. Kumfa tana can ƙarƙashin rumfa gaban teburin guga, da tulin riguna a gefenta wanda ya kusa kai tsayinta. Ta ajiye dutsen gugar ta zo ta gaishe mu, ta tsaya a gefe.

Bayan gaisuwa Yaya ta ce, “Na rubuta Alhamis ta dawo. Ko ba a karanta muku daidai ba?”

Matar ta ce, “An karanta, Malama, ga ƙanwarki nan, har sau biyu. Mun ji Alhamis ɗin sarai.”

“To me ya hana?”

Matar ta share hannu a zani, ta yi murmushi irin na wadda ba ta son ta ba babba kunya.

“Mun zauna da babanta ne. Shi ma ai ke kika koyar da shi, ya ce ya san ki. Ya ce tun yana yaro bai taɓa jin kin fitar da rai da ɗan kowa ba, ko wanda kowa ya haƙura da shi ke sai kin ja shi. To idan har ke kika duba kika ce kada ta zauna jarrabawa, kin ga abin da mu ba mu gani ba, kawai kin sakaya mana ne don kada mu ji zafi. Wallahi da hedimasta ne ya rubuto, da kaina zan kai ta ranar, in tsaya a ƙofa har ta gama. Amma ke ce. Mun gode ma da ba ki bar mu muna ta wahalar da ita ba. Ga shi hannunta ya faɗa a guga, masu kaya har sun fara cewa ita suke so ta yi musu.”

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta ɗora hannu a gwiwata. Ta yi wa matar bayani dalla-dalla, da muryar da take karanta rajista. Ta ce ba yarinyar aka duba ba, lissafi aka duba, don kada a rufe makarantar. Ta ce yarinyar tana da kai, ta fara karatu, shekara guda kawai take buƙata. Matar tana ta gyaɗa kai tana cewa haka ne, Allah ya saka da alheri, kuma a fuskarta na ga ta ɗauki wannan ma a cikin kirkin Malama ne. Ta ce za ta gaya wa babanta idan ya dawo. Duk mun san abin da hakan yake nufi.

Yaya ta juya wurin yarinyar.

“Ke fa? Za ki zo Litinin?”

Kumfa ta kalli uwarta, ta kalli tulin rigunan. Maimakon ta amsa sai ta yi tambaya, a hankali, kamar ta daɗe tana ajiye da ita.

“Malama, an ce makarantar ta ci.”

“Ta ci.”

“Da na zauna, da ba ta ci ba ko?”

Na roƙi Allah a raina Yaya ta yi ƙarya, sau ɗaya dai a rayuwarta. Tana iya cewa ke ɗaya ba za ki canza komai ba, kuma da an bi lissafin ma da ba ta yi nisa da gaskiya ba. Amma ta san ba lissafi yarinyar take tambaya ba.

Ta ce, “Da ku taran kun zauna, da ba ta ci ba.”

Kumfa ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da ta riga ta sani. Ta ce, “To ai gara da ban je ba, ƙannena biyu suna aji ɗaya.” Ta koma ƙarƙashin rumfar, ta kara bayan hannunta kusa da dutsen gugar ta ji ko da sauran zafi, ta ci gaba daga hannun rigar da ta tsaya.